Unguwannin Yamai da Suka Riga Taswira Zuwa

A ƙarshen shekarar 1926 Faransawa suka ɗauke babban birnin mulkinsu na Nijar daga Damagaram suka mai da shi Yamai. Dalilansu sanannu ne. Damagaram na fama da ƙarancin ruwa, ta kuma yi kusa da Kano inda Turawan Ingila ke mulki, ga shi hanyar Dahome zuwa teku ta fi sauƙi daga bakin kogi. Abin da suka baro birni ne sosai, mai ganuwa da fadar sarki da magina waɗanda suka gaji sana'ar tun kaka da kakanni. Abin da suka tarar kuwa 'yan ƙauyuka ne jere a gaɓar kogin Isa: Mawrey, Kalley, Gaweye da Zango, sai Gudel da Gamkalle da Saga can gefe, da Lamorde ta Fulani a ƙetare. Masunta ne da manoma da fatake. Ko a 1930 mutanen garin ba su wuce 'yan dubbai ba.

Gwamna Jules Brévié da waɗanda suka biyo bayansa suka zana birni a takarda. Kwarin Gunti Yena, wanda ruwan damina ke bi ya faɗa kogi, shi suka mai da iyaka. Gefe guda Filato, tudu mai iska, da ofisoshi da gidajen Turawa masu yalwar fili da inuwa. Ɗaya gefen kuma garin 'yan ƙasa. Babu wanda ya tambayi mai unguwar Kalley ko matan Gaweye ta ina suke so hanya ta bi.

A 1931 fari da fara suka haɗu, yunwa ta afka wa ƙasar Zabarmawa, mutane suka kwararo Yamai neman abin sawa a baka, bukkokin zana suka yi yawa. A 1935 gobara ta cinye babban ɓangaren garin. Hukuma ta ga dama ta samu: aka janye jama'a daga bakin kogi zuwa kan tudu, aka yanka filaye murabba'i da layuka miƙaƙƙu, aka ce gini sai na ƙasa, an hana zana. Wanda ke da halin buga tubali da sayen azara ya shiga cikin layi. Wanda ba shi da hali ya naɗe zanarsa ya matsa bayan layin ya sake kafawa. Daga irin wannan matsawa, da ta baƙi 'yan ci-rani da suka yi ta zuwa bayan haka, aka samu unguwar Bukkoki, wadda yau take tsakiyar gari, an raba ta huɗu, da kasuwar Katako a jikinta.

Tun daga nan Yamai ta ɗauki wata ɗabi'a da har yau ba ta bari ba. Hukuma ta ja layi, talaka ya kasa biyan kuɗin zama cikinsa, ya fita baya ya kafa unguwa da hannunsa. Bayan shekara goma ko ashirin hukuma ta iso ta same shi, ko dai ta rushe ko ta amince. Babban rabon birnin nan haka aka gina shi, kuma ni na yi imani waɗanda suka gina shi sun san abin da suke yi fiye da yadda ake yaba musu.

Kakana na wajen uwa mutumin Adar ne. Ci-rani ya kawo shi Yamai kafin samun mulkin kai, ya zama magini a Bukkoki, a gidan da ya gina kuma na yi wayo. Gidan ba a rana ɗaya aka yi shi ba, ba kuma a shekara ɗaya ba. Da farko bukka ce da darnin zana. Da rani ya yi, aka haƙa ƙasa, aka kwaɓa da ciyawa, aka tattaka da ƙafa, aka bar ta ta kwana ta jiƙu, sannan aka buga tubali aka shanya. Ranar ɗora katanga gayya aka kira, abin da maƙwabtanmu Zabarmawa ke ce wa bogu. Maigida bai biya kowa ba, hura da goro da tuwon rana kawai ya tanada, domin kowa ya san gobe a gidan wani za a taru. Nan ne na fahimci cewa maganar hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka aiki ce ta zahiri kafin ta zama karin magana. Shigifa ɗaya ta tsaya, aka shiga. Bayan shekara biyu aka ƙara ta biyu aka sa ɗan haya, kuɗin hayar ya sayi azarar ta uku.

Lokacin da na buɗe ido ɗakuna sun zagaye tsakar gida, ƙofofinsu duk suna kallon juna. Akwai mu, akwai wani tela Bayarabe da iyalinsa, akwai wata gwauruwa Bazabarma mai sayar da kopto, akwai samari biyu 'yan ga-ruwa da ke kwana ɗaki guda. Dogon yaro ɗaya a tsakiya, randa a gindinsa, murhu a kowace ƙofa, makewayi can kusurwar da iska ba ta kawo wari. Zaure na maza ne da baƙi, ciki na mata da yara. Idan mace ta tafi kasuwa ba ta neman mai reno. Idan ɗan haya ya kasa biya wata biyu, sai ya durƙusa ya ce, "Baba, a yi mini haƙuri zuwa ƙarshen wata," kakana ya ce, "Tashi, yaro, Allah ya hore." Kafin kowace damina yakan hau soro da kansa ya duba indararo, ya toshe tsaga, a sake yaɓe. Yakan ce da mu ginin ƙasa ba ya son abu biyu, ruwa a kansa da ruwa a ƙafarsa. In ka tsare masa waɗannan zai binne ka ya binne ɗanka.

Ba na cewa zaman aljanna ne. Makewayi ɗaya ga mutum kusan talatin wahala ce, ruwan wanki yakan kwanta a ƙofar gida, sauro ya samu wurin haihuwa. Amma gidan ya warware matsalar da ofisoshi suka kasa warwarewa. Ya ba baƙo wurin kwana daidai aljihunsa, kusa da kasuwar da yake nema, cikin mutanen da za su san in bai fito da safe ba.

A 1960 mutanen Yamai wajen 30,000 ne. Ƙidayar 1977 ta samu sama da 200,000, ta 1988 kusan 400,000, ta 2012 kuwa sama da miliyan ɗaya. Gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin SONUCI domin gina gidaje, an kuma gina, amma na ma'aikata ne masu albashi, adadinsu bai kai ya taɓa yawan masu shigowa ba. Gadar Kennedy da aka buɗe a 1970 ta buɗe Harobanda, wato ƙetaren kogi, jami'a ta zauna can, unguwanni suka bazu a ƙasa mai kwari da dā gonakin shinkafa da makiyaya ce. Farin 1973 da 1974 ya tara dubban makiyaya da suka rasa dabbobinsu a sansanin Lazare, sansanin ya rikiɗe ya zama unguwa. Da kuɗin yuraniyom suka shigo aka tashi tsohuwar Gaweye daga bakin kogi, aka gina babban otal mai sunanta da zauren taro a wurin. Sunan ya zauna, mutanen suka tafi.

Talaje ce unguwar da na fi so a duba in ana maganar tsarin da jama'a suka yi wa kansu. A shekarun 1960 ta fara, kan hanyar filin jirgin sama, a gonakin da masu su na gado suka riƙa yankawa suna sayar wa waɗanda ba su samu fili daga hukuma ba. A idon doka unguwar ba ta nan. Wani kawuna ya sayi fili a can, kuma abin da ya fi yawan ba mu labari shi ne ranar awo. Mai gona da dattawa suka fito da igiya da turaku. Kafin a auna gidan kowa sai da aka fitar da hanya, aka kuma yi gardama a kan faɗinta. Wani ya ce a rage a samu ƙarin fili. Wani dattijo ya ce a'a, a bar ta yadda amalanken jaki biyu za su gifta, yadda kuma masu ɗauke da makara za su wuce ba su goga katanga ba. Aka ware wurin masallaci, aka bar wani fili babu wanda ya taɓa, aka ce na lakkwal ne ko da gwamnati ba ta zo ba tukuna. Sun miƙe layukansu da gangan su yi kama da na hukuma, don ranar da ma'auna za su zo su rasa hujjar rushewa. Dabarar ta ci. An daɗe ana barazana, daga baya aka amince da unguwar, ruwa da wuta suka shiga.

Abin lura a nan shi ne mutanen sun yi tunanin gobe. Wanda ke zaune a fili babu takardar hukuma, wanda bai san ko bana za a tashe shi ba, shi ne ya haƙura da taku biyu na filinsa saboda hanya. Har yau takarda iri biyu ke yawo a Yamai. Akwai shaidar mallakar gado da mai gari ko mai unguwa ke sa wa hannu, akwai kuma takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa bayan an yi lotisma, wato yankan filaye na hukuma. Ta farko ita talaka ke iya samu, ta biyu ita banki da kotu suka fi ganewa. Tsakanin takardun nan biyu rayuwar dubban iyalai take rataye.

Bayan juyin mulkin 1974 Seyni Kountché ya farfaɗo da samariya, tsohuwar ƙungiyar matasan ƙasar Hausa, ya ba kowace unguwa tata. Samariya ta yi aiki, wannan ba a musu. Ta buga tubalin azuzuwa, ta share tituna, ta yashe magudanai, ta shuka itatuwa. Sai dai umarnin daga sama yake saukowa, kuma wanda bai fito aikin gayya ba yakan ji tsoron abin da zai biyo baya. Gayyar kakana bashi ce tsakanin maƙwabta, ta samariya kuwa ta koma kusan haraji. Da iskar dimokuraɗiyya ta kaɗa a farkon shekarun 1990 samariya ta watse, fada ta maye gurbinta: samari a kan benci a bakin titi, da butar shayi a kan gawayi. Ana yawan zaginsu da zaman banza. Ni na ga 'yan fada suna gadin layinsu da dare lokacin da sata ta yi yawa, na ga sun tara dala-dala sun sayi jar ƙasa sun cike ramin da ke kifar da masu babur. Mata kuma ta hanyar adashe suka rufa ɗakuna da yawa da kwano, suka ja famfo zuwa cikin gida. Babu littafin ma'aikatar da ya rubuta wannan jari.

Hukuma a nata ɓangaren fili ta mai da kuɗi. A farkon shekarun 2000, da bashin albashi ya taru wa gwamnati, sai ta biya ma'aikata da filaye. Aka yanka gonaki masu yawa a bayan gari, wasu suka sayar nan take, masu kuɗi suka tara goma-goma suka zagaye da katanga suka bari. Je ka bayan gari ka gani: fili mai katangar siminti, babu gini ciki sai bukkar mai gadi da iyalinsa, su ma ranar da mai fili ya tashi gini sai su naɗe zana. Birni ya yi ta miƙewa, nisa ya ƙaru, kuɗin taksi ya cinye abin da leburan ya samo. Hatta dajin dogon yaro da aka fara shukawa a 1965 don ya kare garin daga ƙura da hamada, mai faɗin kimanin hekta 2,500, an yi ta gutsurarsa. In an tashi kora kuwa, bukkokin talakawan da suka raɓe cikinsa ake fara wa.

A Pays-Bas, unguwar da ta tsiro cikin kwazazzabai da tsofaffin ramukan ɗibar ƙasa kusa da hanyar filin jirgi, iyaye ne suka riƙa haɗa kuɗi suna kafa azuzuwan zana, suna zarya ofis-ofis a turo musu malamai. Wata mai bincike 'yar Suwidin, Gabriella Körling, ta bi wannan fafutuka ta rubuta a kanta a 2011. Ranar 13 ga Afrilu 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a wata makarantar unguwar, yara kimanin 20 suka rasu, mafi yawansu 'yan ƙanana da ba su san ta inda za su gudu ba. Na kasa cin abinci a daren. Shekara 86 bayan gobarar da ta sa aka hana zana a Yamai, 'ya'yan talakawa na karatu cikin zana. Iyayen sun yi iyakar abin da hannunsu zai iya, sun samo fili, sun kafa rumfa, sun kawo yara. Katangar da ba ta cin wuta ita ce rabon da ya rage wa hukuma, ba ta kuma kawo ba sai bayan an yi jana'iza.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganin yana ƙarƙashin ƙafarmu. Tun zamanin Turawa aka raba kayan gini biyu, aka ce siminti da ƙarfe su ne na dindindin, ƙasa ta wucin gadi ce. Wannan rabo ya shiga dokokin fili, ya kuma shiga zukata, har ya zama wanda ya samu kuɗi abin da zai fara yi shi ne ya rushe ɗakin ƙasar ubansa ya ɗora bulo da kwano, sannan a watan Afrilu ya kwashe tabarma ya kwana waje saboda ɗakin ya zama tanda. Alhali ƙasar nan ce ta haifi Alhaji Falke Barmu, maginin da masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Cikal, cikin yankin Filinge, tun 1980 aka fara koya wa magina rufin tubali mai baka da ƙubba wanda ba ya bukatar azara ko guda, a lokacin da giginya ke ƙarewa. Tsohon garin Agadas na ƙasa ne, yana kuma cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 2013.

A 2016 wasu masu zanen gine-gine huɗu, cikinsu har da 'yar ƙasarmu Mariam Issoufou Kamara, suka kammala gidaje shida a unguwar Niamey 2000. Da tubalin ƙasa da aka matse da inji suka gina su, hawa biyu, manne da juna, kowane da tsakar gidansa da inuwarsa da hanyar iska. Sun ce daga tsofaffin birane irin Kano da Damagaram da Tumbutu suka ɗauko tunanin matsatsin. Aikin ya shiga jerin waɗanda aka tantance don kyautar Aga Khan ta 2022. Na ji daɗinsa ƙwarai, domin ya nuna wa mai kuɗi cewa ƙasa ba abin kunya ba ce, kuma ya nuna ana iya zaunar da iyali shida inda aka saba zaunar da ƙasa da haka. Amma gidajen na masu matsakaicin hali ne, ɗan ga-ruwa ba zai shiga ba. Aikin da ya fi kusa da abin da nake nufi shi ne wanda Mariam da Yasaman Esmaili suka yi a Dandaji cikin jihar Tawa, aka gama a 2018. Can an zauna da mutanen gari, maza da mata, aka mai da tsohon masallacin da Falke Barmu ya zana ɗakin karatu maimakon a rushe shi, aka gina sabo kusa da shi, magina na yankin suka yi aikin da hannunsu. Irin wannan zama, na mai ilimin zane da masu igiya da turaku a tabarma ɗaya kafin a ja layin farko, shi ne unguwannin bayan garin Yamai ke bukata.

Akwai kuma abin da gayya ba ta iyawa ko an taru duka, shi ne kogi. Isa na cika sau biyu a Yamai. Akwai cikar sanyi, ruwan da ya taso daga Gine ya iso a hankali wajen Janairu. Akwai kuma jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda Sirba da Dargol da Goruwal ke kwararowa da shi daga yamma, da sauri da laka. Na biyun ne ke ɓarna, ya kuma ƙaru tun da daji ya ƙare, ƙasa ta daina shan ruwa, yashi ya cike gadon kogin. An sha ambaliya a 2010 da 2012. A Satumba 2020 ruwan ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, abin da ba a taɓa rubutawa ba, ya fasa madatsai ya shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoy da Saga. Samari sun kwana suna cika buhuna da yashi, masu kwalekwale suna kwashe tsofaffi da awaki. Gidajen ƙasa da ruwa ya kwanta a ƙafarsu suka narke ɗaya bayan ɗaya.

Amsar hukuma bayan kowace ambaliya ita ce tantuna da farko, sannan fili a kan tudu, kamar yadda aka kai mutane Seno bayan ta 2012. Niyyar mai kyau ce, tudun ba ya cin ruwa. Sai dai an zaɓi wurin an yanka shi kafin a tambayi masu komawa me suke ci. Masunci na bukatar ganin kwalekwalensa, mai lambu na bukatar bakin ruwa, mai tuyar ƙosai na bukatar layin da aka san ta, yaro na bukatar makarantar da ƙafa za ta kai shi. Da yawa sun karɓi filin, suka kafa turaku a kusurwoyinsa, da ruwa ya janye suka koma unguwanninsu na bakin kogi suka sake buga tubali a kan tsohon tushe.